Layin gwaji: yadda ake tantance gyaran manhaja kafin a haɗe shi

Ranar 30 ga Nuwamba 2024 lambobin waya a Jamhuriyar Benin suka tashi daga alƙaluma takwas suka koma goma, bayan da hukumar ARCEP ta sa a ƙara 01 a gaban kowace lamba. Mai sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè ta Parakou aikinsa bai wuce gyara sunayen da ke cikin wayarsa ba. Wanda ya rubuta manhajar da ke aika wa iyayen yara saƙon kuɗin makaranta kuwa nasa ya fi haka nauyi. Idan akwai layi a cikin rubutun manhajar da ke cewa duk lambar da ba ta cika takwas daidai ba a ƙi ta, dole a canza shi. Canjin ƙarami ne, amma lambar Nijar har yanzu takwas ce, ta Najeriya kuma goma sha ɗaya idan an haɗa da sifilin farko, kuma a unguwannin Zongo na Parakou da Djougou ba wuya a sami aji ɗaya da iyayen ɗalibansa ke riƙe da duka ukun. Mutum na iya gyara ta Benin ya ɓata ta Maraɗi, ba zai sani ba sai wani uba ya zo yana faɗa bai ga saƙo ba.

Maganin irin wannan shi ne layin gwaji mai sarrafa kansa: jerin bincike da kwamfuta ke yi wa kowane gyara, ba tare da an umarce ta kowane lokaci ba, kafin a yarda gyaran ya shiga cikin manhajar da jama'a ke amfani da ita. Masu Faransanci suna kiran tsarin gaba ɗaya intégration continue, a taƙaice kuma ko'ina ana rubuta CI.

Rumbu, reshe da buƙatar haɗewa

Manhaja rubutu ce, fayiloli ne masu ɗauke da umarni ga kwamfuta. Ana ajiye su a rumbu, kuma kusan kowa a yau yana kula da rumbunsa da Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don aikin Linux. Git yana riƙe da tarihin kowane canji: wa ya yi, yaushe, wane layi ya taɓa. A rumbun akwai babban reshe, wato rubutun da aka amince da shi. Wanda zai yi gyara ba ya taɓa babban reshen kai tsaye. Sai ya cire nasa reshe, ya yi aikinsa a can, idan ya gama ya nemi a haɗe shi. Wannan neman shi ne buƙatar haɗewa. GitLab yana kiranta merge request, GitHub yana cewa pull request, a Faransanci kuma za ka ji demande de fusion ko requête de fusion. Duk abu ɗaya ne: shafi da ke nuna layukan da aka cire da waɗanda aka ƙara, da wurin da abokan aiki za su yi sharhi, da maɓallin haɗewa a ƙasa.

Layin gwaji yana tsayawa ne tsakanin buƙatar da wannan maɓalli. Ana iya saita rumbu ta yadda maɓallin ba zai danna ba sai layin ya ƙare da kore.

Abin da ke faruwa a cikin layin

Umarnin layin ma rubutu ne, kuma a cikin rumbun yake zaune. A GitLab fayil ɗin sunansa .gitlab-ci.yml, a GitHub kuma ana zuba fayilolin a ƙarƙashin .github/workflows. Da zarar an tura sabon gyara, sai sabar ta karanta fayil ɗin ta miƙa aikin ga wata kwamfuta da ke jiran aike. Wannan kwamfuta, bari mu kira ta ɗan aike, tana fara aiki ne da tsaftataccen wuri, yawanci a cikin akwatin Docker, ta ɗauko rubutun manhajar, ta sauke kayan da manhajar ta dogara da su, sannan ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Kowane umarni idan ya gama yana mayar da lamba. Sifili na nufin lafiya lau, duk wata lamba kuma na nufin an sami matsala, kuma a nan aikin ke tsayawa.

Ni na fi son kiran matakan da zango, kamar yadda fataken goro ke yada zango a Djougou a kan hanyarsu daga Gwanja zuwa Kano: ba a wuce na gaba sai an sauka a na baya. Zangon farko shi ne mafi sauri, duba tsarin rubutu: baka da aka buɗe ba a rufe ba, suna da aka kira alhali ba a ƙirƙire shi ba. Wannan daƙiƙoƙi yake ɗauka. Na biyu shi ne gini, a ga ko manhajar tana harhaɗuwa ma tukuna. Na uku ƙananan gwaje-gwaje, kowanne yana duba gaɓa ɗaya tak: a ba wannan gaɓar lamba kaza, dole ta mayar da amsa kaza. Masu PHP suna amfani da PHPUnit, masu Python da pytest, masu Java da JUnit. Bayan su sai gwajin haɗin gwiwa, inda ake tayar da rumbun bayanai na wucin gadi a ga ko gaɓoɓin suna fahimtar juna. Na ƙarshe, mafi jinkiri kuma mafi tsada, shi ne wanda kwamfuta ke buɗe shafin kamar mutum, ta cika fom, ta danna maɓalli, da kayan aiki irin su Selenium ko Playwright. Ana sa masu sauri a gaba ne don kada a ɓata minti ashirin kafin a gano waƙafi ɗaya ne ya ɓace.

Amfanin tsaftataccen wuri ya fi ƙarfin a raina shi. Duk malamin da ya taɓa karɓar aikin ɗalibai ya san maganar nan: «Malam, wallahi a kwamfutata yana aiki.» Sau da yawa gaskiya yaron ya faɗa. Akwai wani fayil da ya manta bai tura ba, ko wani kaya da ya sauke watanni uku da suka wuce ya manta da shi. Ɗan aike ba shi da komai sai abin da ke cikin rumbu, don haka irin wannan mantuwa a nan take fitowa fili.

Gwaje-gwajen da suka shafe mu

Littattafan koyarwa suna kawo misalan Amurka da Faransa, amma kurakuran da ke cizon mai rubuta manhaja a yankinmu nasu daban ne, kuma galibinsu gwaji na layi biyar zai kama su.

Mu koma kan lambar waya. Gwajin da ya dace yana ɗauke da lambar Benin mai goma da +229 a gabanta da kuma ba tare da ita ba, da ta Nijar mai +227, da ta Najeriya mai +234, da wadda aka rubuta da tazara tsakanin alƙaluma biyu-biyu kamar yadda aka saba a ƙasashen Faransanci, da kuma tsohuwar lamba mai takwas, wadda dole masu aikin su yanke shawara ko a ƙi ta ko a ƙara mata 01. Da zarar an rubuta wannan sau ɗaya, duk wanda ya sake taɓa gaɓar nan ko bayan shekara biyar ne, layin zai tsare shi. Kuma abin ba na Benin kaɗai ba ne, Kodebuwa ta yi irin wannan sauyi daga takwas zuwa goma tun Janairun 2021.

Sai kuɗi. Sefa ba ta da ɓarɓashi a tsarin ISO 4217, naira kuwa tana da kobo, gida biyu bayan ɗigo. Manhajar da ta ɗauka kowane kuɗi ana ninka shi da ɗari kafin a aika wa kamfanin biyan kuɗi za ta iya cajin mutum sefa 500,000 maimakon 5,000. Ga kuma rubutun adadi: abin da Najeriya ke rubutawa 1,500.50 Faransanci yana rubuta shi 1 500,50. Kamfanonin da ke haɗa manhajoji da MTN MoMo da Moov Money, irin su FedaPay da KKiaPay, suna da filin gwaji inda ba kuɗin gaske ke motsi ba, kuma can ya kamata layin ya nufa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ wadda ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y. Dukkansu suna cikin Unicode tun da daɗewa, ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257. Amma rumbun bayanan da aka saita da tsohon tsarin latin1 yana karɓar é da ç na Faransanci ba gardama, ya mayar da ƙ alamar tambaya. Na taɓa ganin takardar sakamakon wata ɗaliba da sunan mahaifinta Ɗanjuma ya fito da alamar tambaya a farkonsa, aka yi ta zarya kafin a gyara. Gwajin da zai hana wannan bai wuce a ajiye suna mai ƙugiya a sake ɗauko shi a gwada ba, sannan a duba ko ƙ tana komawa Ƙ idan an nemi manyan baƙaƙe, ko kuma wanda ya rubuta «kasa» a wurin bincike zai sami «ƙasa».

Akwai ma wanda ke cin kuɗi a ɓoye. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 matuƙar duk suna cikin jerin GSM. Harafi ɗaya mai ƙugiya ya isa ya mayar da saƙon zuwa tsarin UCS-2, inda iyaka ke komawa 70, kuma idan ya zarce sai a yanyanka shi kashi-kashi na 67. Ke nan saƙo mai haruffa 150 da aka saka wa ƙ guda ɗaya ya zama saƙo uku. Ƙungiyar da ke aika wa manoman auduga dubu sanarwa za ta biya ninki uku saboda mai fassara ya rubuta Hausa daidai. Ba na cewa a daina sa ƙugiya. Amma gwajin da ke ƙirga yawan kashin kowane saƙo zai sa a san farashin kafin a haɗe, sai a taƙaita jimlar.

Na ƙarshe, agogo. Benin da Nijar da Najeriya suna gaban Ghana da Togo da awa ɗaya, kuma yawancin 'yan aike suna bin agogon UTC. Tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya a Parakou, kwanan watan da ke wayarka ya riga ya sauya, na sabar bai sauya ba. Gwajin da ya dogara da kalmar «yau» zai yi ta wucewa da rana, ya faɗi a wannan awa ɗaya kawai.

Inda abin ya samo asali

Dabarar ta girmi kayan aikinta. Kent Beck ya sa yawan haɗe aiki, sau da yawa a rana, cikin ƙa'idojin tsarin da ya kira Extreme Programming a ƙarshen shekarun 1990, saboda an lura cewa idan mutane goma suka yi wata uku kowa na aiki shi kaɗai, haɗe ayyukansu kan zama wani aikin na daban. Martin Fowler ya yi rubutun da ya yaɗa sunan a shekarar 2000, a 2001 kuma CruiseControl ya fito daga kamfanin ThoughtWorks. Kohsuke Kawaguchi ya rubuta Hudson lokacin yana Sun Microsystems, kuma bayan saɓani da Oracle aka sauya masa suna zuwa Jenkins a 2011. A wancan zamani ana gwaji ne bayan an riga an haɗe, sai a yi ta neman wanda ya ɓata gini. GitHub da aka buɗe a 2008 da Travis CI na 2011 su suka sa gwaji kafin haɗewa ya zama ruwan dare. GitLab ya shigar da nasa layin cikin manhajarsa a 2015, GitHub Actions kuma ya buɗe wa kowa a Nuwamban 2019.

Misalin da mai karatu ke taɓawa ba tare da ya sani ba

Duk wanda ya buɗe Wikipedia ta Hausa yana amfani da manhajar MediaWiki, kuma kowane gyara da ake yi mata sai ya bi irin wannan layi. Gidauniyar Wikimedia tana karɓar gyaran MediaWiki ta Gerrit. Da an tura, Zuul ya tsara aikin, Jenkins ya gudanar da gwaji, sannan wani asusun inji mai suna jenkins-bot ya sa alamar amincewa ko ta ƙi. Idan mutum mai izini ya duba ya ba da +2, gyaran ba ya shiga nan take, ana sake gwada shi a kan sabon halin da babban reshe ke ciki. Daga cikin abubuwan da ake dubawa har da fayilolin saƙonni: duk sabuwar jimlar da za ta bayyana a fuskar shafi dole a rubuta mata bayani don masu fassara, in ba haka ba layin ya faɗi. Wannan bayanin shi ne mai fassara zuwa Hausa ke gani a translatewiki.net. Abin da ya wuce kuma ana fitar da shi mako-mako a matakai uku, a fara da shafukan gwaji ranar Talata, ya iso yawancin Wikipedia ranar Alhamis.

Dalilin sake gwajin nan na biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Gyara biyu suna iya zama kore kowanne shi kaɗai, su ɓata manhaja idan sun haɗu. Hadiza ta sauya sunan wata gaɓa ta gyara duk inda ake kiranta, Sani kuma a nasa reshen ya ƙara sabon layi da ke kiran tsohon sunan. Git ba zai ga karo ba tunda ba layi ɗaya suka taɓa ba. Shi ya sa manyan ayyuka ke jera buƙatu a layi, a gwada kowace tare da waɗanda ke gabanta. GitLab da GitHub duka suna da wannan tsari yanzu. Ƙungiyar mutum uku ba ta buƙatarsa, ya ishe ta ta sabunta reshe kafin haɗewa.

DHIS2, manhajar da ma'aikatun lafiya na Benin da Nijar da Najeriya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, wadda ake jagorantar aikinta daga Jami'ar Oslo, ita ma rumbunta a buɗe yake a GitHub. Ɗalibin da ke koyon kwamfuta a Jami'ar Parakou zai iya buɗe kowace buƙatar haɗewa a can ya ga jerin binciken da aka yi mata, wanne ya wuce wanne ya faɗi. A ganina awa ɗaya ta irin wannan kallo ta fi darasi biyu a allo.

Abin da kore ba ya nufi

Edsger Dijkstra ya daɗe da yin gargaɗi cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu. Layi yana duba abin da aka ce ya duba ne kawai. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga Kourou, saboda wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa. Manhajar an gaje ta ne daga Ariane 4 inda ta yi aiki lafiya, kuma kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya gano ba a gwada ta da bayanan tafiyar sabuwar rokar ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows da Microsoft ya ƙiyasta sun kai miliyan 8.5, kuma kamfanin ya ce injin tantancewarsa ne ke da kuskuren da ya bar gurɓataccen fayil ya wuce.

Akwai kuma abin da inji ba zai taɓa gani ba. A bakin Bahaushen Nijar dala sefa biyar ce, don haka dala ashirin sefa ɗari ke nan, alhali mai sauraron rediyo a Kano zai ɗauka kuɗin Amurka ake nufi. Jimlar da ta ce «ka biya dala ashirin» za ta wuce kowane gwaji. Sai mutumin da ya san kasuwa ya karanta buƙatar zai ce a sake. Alƙaluman da ke nuna kashi nawa na rubutun gwaji ya taɓa ma suna yaudara, domin ana iya kai kashi 90 cikin ɗari da gwajin da ke kiran gaɓa ba tare da duba amsarta ba.

Cuta mafi yawa ita ce gwaji mai taurin kai, wanda ke faɗuwa yau ya wuce gobe ba tare da an canza komai ba, kamar na agogon da aka ambata. Idan aka bar shi, mutane sai su saba da danna «sake gwadawa» har ja ya daina tsoratar da kowa. Gara a ware shi gefe a ranar da aka gano shi, a ɗora wa wani nauyin gyarawa.

Tsaro, kuɗi da wuta

Ɗan aike yana gudanar da rubutun da wani ya turo, kuma sau da yawa yana riƙe da makullan sabar da na asusun biyan kuɗi. A 2021 an sauya wani ƙaramin rubutun kamfanin Codecov da layuka da yawa ke saukewa, ya riƙa kwashe sirrin da ke cikinsu har tsawon watanni kafin a farga. A Maris ɗin 2024 Andres Freund ya gano wata ƙofar baya a manhajar xz, wadda aka ɓoye kayanta a cikin fayilolin gwaji, wurin da ba a cika dubawa ba. Don haka ba a rubuta makulli a cikin rumbu, ana ajiye shi a ma'ajiyar sirri ta dandalin, kuma buƙatar da ta fito daga baƙo ba a ba ta makullan.

Ta fuskar kuɗi, GitHub ba ya cajin rumbun da ke buɗe ga kowa, rumbun sirri kuma yana da minti 2,000 a wata a asusun kyauta. GitLab yana ba da minti 400. A 2021, bayan da masu haƙar kuɗin kirifto suka riƙa cin amanar mintocin kyauta, GitLab ya fara neman katin banki daga sababbin masu rajista kafin su yi amfani da 'yan aikensa, abin da ya wahalar da matashin da asusunsa na waya ne kaɗai.

Ana iya mayar da tsohuwar kwamfuta ɗan aike a ofis, kuma mintocinta ba a ƙirga su. Sai dai a nan Banikanni inda nake zaune, kafin in ba wani wannan shawara sai na tambaye shi ko yana da batir ko sola, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki layin zai nuna ja alhali gyaran lafiyarsa lau. Ga kuma data: ɗan aiken da ke sauke kaya daga farko a kowane gyara zai cinye ta kafin wata ya raba, sai an saita masa ma'ajiyar kayan da ya riga ya sauke. Wanda intanet ɗinsa ke da rauni, ɗan aiken dandalin ya fi masa sauƙi, tunda abin da zai tura bai wuce 'yan layukan da ya canza ba, nauyin saukewa da gini duk a can ake ɗaukarsa.